Kanwa Ta Kar Tsami

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a garin Haɗeja





Ranar da Sakatare ya kira ni ya ce kwamiti ya ɗora mini jawabin bana, kuma wai a kan darasin Kemistiri, sai da na tambaye shi ko lambar wani ya yi niyyar bugawa ya bugo tawa. A cikinmu akwai likitoci, akwai masu haɗa magunguna, akwai ma waɗanda suka koyar da fannin a jami'a har suka yi ritaya. Ni kuwa, 'yan ajinmu shaida ne, da kyar da jiɓin goshi na tsallake shi a jarrabawar WAEC, daga nan na bi hanyar aikin gona, na ƙare shekarun aikina ina malamin gona tsakanin Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri. Sakatare ya ce ai dalilin ke nan da ya sa aka zaɓe ni, domin su manyan in sun tashi magana ba mai fahimtarsu sai junansu. To, na karɓa. Idan na yi kuskure a wani wuri, ga farfesoshi nan a layin gaba, su yi mini rai su bari sai mun tashi cin abinci.

Mu dai mun shiga ɗakin gwaje-gwaje, wato lab, a aji uku, a farkon shekarun 1980, lokacin nan duk muna cikin tsohuwar Jihar Kano, tun ba a yi mafarkin Jigawa ba, wadda sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro ta. Kafin mu shiga mun shekara biyu muna leƙensa ta taga. Siniyoyi sun riga sun cika mu da labari, wai akwai wani ruwa a ciki da in ya ɗiga a hannunka sai ya ɓulla ta bayansa. Saboda haka ranar farko kowa ya shiga hannunsa a aljihu. Ga dogayen tebura masu baƙin sama, ga famfo da kwatami a kowanne, ga kwalabe jere a kanta da sunaye masu karya haƙori, ga kuma wani wari da har gobe in na ji irinsa sai na tuna yammacin Talata.

Malaminmu ɗan ƙasar Indiya ne, kamar yawancin malaman kimiyya da gwamnatin Kano ta ɗauko a wancan zamani. Waɗanda suka zauna a gabansa sun san wanda nake nufi. Turancinsa yana gudu kamar an biyo shi, namu kuma yana rarrafe, don haka makonnin farko ba abin da muke yi sai kwafar allo. A tara da B ta ba da C tara da D, a daidaita hagu da dama. Muna haddacewa a lokacin firef kamar karatun aku, da safe mu mayar masa da abinsa, amma ko mutum ɗaya a cikinmu bai yarda cewa wannan abu yana da wata dangantaka da duniyar da muka baro a gida ba. A ganinmu harka ce ta Turawa, wadda ke faruwa a cikin kwalaben Turawa.

Wanda ya warware mana wannan ƙulli ba ya cikin jerin malamai. Dattijon nan ne mai kula da lab, wanda muke kira Baba, Allah ya jiƙansa. Wata rana Malam yana fama da mu a kan abin da ke faruwa idan asid ya haɗu da alkali, yana faɗi yana maimaitawa cewa kowanne yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa, a sami gishiri da ruwa. Mu kuwa dariya muke ƙunshewa, domin a kunnenmu alƙali ake cewa, har wani daga baya ya ce to in alƙali ya shigo ai dole rigima ta mutu. Baba yana gefe yana wanke kwalabe, sai ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, “Yara, ai abin da Malam ke ta gaya muku shi ne kanwa ta kar tsami.” Ajin ya yi tsit. Malam ya ce a fassara masa. Da aka fassara, sai ya ajiye alli, ya ciro kuɗi a aljihunsa, ya aiki Baba kasuwa.

Mako na gaba muka tarar da ƙullin kanwa ungurnu da lemon tsami da tsamiya da busasshen zoɓo a kan teburin Malam, a daidai wurin da manyan kwalabe suka saba zama. Ya daka kanwa, ya matsa mata lemo, ta hau tafasa ba wuta. Ya bi da iskar da ke fita ta cikin siririn tiyo zuwa ruwan layim, ruwan ya yi fari kamar an ɗiga masa nono, ya ce wannan ita ce kabon dayoksaid, ita ce kuma kuke fitarwa duk numfashi. Wanda bai yarda ba ya zo ya hura. Muka yi layi muna hurawa. Daga nan ya jiƙa zoɓo ya raba shi kofi uku. Wanda ya sa wa lemo ya ƙara ja jawur, wanda ya sa wa kanwa ya juye ya yi duhu yana neman kore, na ukun ya bar shi yadda yake. Ya ce ga takardar litmas ɗinku nan, a gonakinku take tsirowa. Yau Jigawa tana sahun gaba a noman zoɓo a ƙasar nan, ana loda shi a manyan motoci ana fita da shi ƙasashen waje, amma ni duk sa'ad da na ga buhunsa, kofunan nan uku nake gani.

A ranar ce muka gane cewa iyayenmu mata sun daɗe suna wannan aiki. Wadda ta jefa kanwa ko ruwan toka a miyar yakuwa don ta karya tsaminta, da wadda ta sa ta a wake don ya yi saurin nuna, da mai jefa ta a kuɓewa don yauƙi, duk darasin Malam suke bi ba su taɓa ganin allonsa ba. Malam ya ƙara mana da cewa Turawa sun yi kuskure da suke kiran kanwa fotash, domin abin da ya fi yawa a cikinta gishirin sodiyam ne, wato sodiyam kabonet da ɗan'uwansa baikabonet, ba na fotasiyam ba. Ita ma kalmar alkali da ta ba mu dariya, ashe ba ta Bature ba ce, daga Larabci ya are ta, inda take nufin tokar wasu tsirrai da ake yin sabulu da ita, kamar dai yadda ake dafa sabulun salo da ruwan toka da mai. Kalmar kimiyya da muke amfani da ita a Hausa, da kalmar Kemistiri, tushensu ɗaya, kuma malamai irin su Jabir ɗan Hayyan da Arrazi sun yi ta tace-tace da narke-narke a ƙasashen Musulmi fiye da shekara dubu da suka wuce. Wannan ya ɗan ɗaga mana kafaɗa, ba na ɓoye muku.

Daga nan fa sai Malam ya zama ba ya zama. Shi da Baba suka kai mu marina, muka tsaya bakin karofi muka ga an tsamo zane yana kore-kore, kafin a ƙirga ashirin ya koma shuɗi a gaban idonmu. Ya ce a cikin rami, inda baba ya ruɓa da toka ba iska, shuni ya canza kama ya narke ya shiga zare. Da ya fito ya shaƙi oksijin sai ya koma kamarsa ta fari ya maƙale, ruwa ba ya fitar da shi. Babi guda ke nan na littafin Holderness da Lambert, wanda muka yi wata guda muna kokawa da shi, marini ya gama mana shi da sanda ɗaya. Haka dukawa, da ke haɗa kuloko da tsatsar ƙarfe su shafa a fatar da aka jeme da bagaruwa ta yi baƙi wuluk.

Amma fitar da ta fi zauna mini ita ce ta fadama. Bayan damina, ruwa ya fara ja, ya kwashe mu muka gangara bakin kogi da kwalabe da mazurari. Ya ce a cika kwalba da ruwa a kifa ta a cikin kududdufi, mazurari a bakinta, wani kuma ya sa sanda ya dama taɓon da ke ƙasa. Kumfa ta riƙa tasowa ɓul-ɓul tana shiga kwalba tana korar ruwa. Da ta cika aka toshe aka fito tudu, ya kyasta ashana a bakinta, sai ga wata siririyar wuta shuɗiya. Wuta daga cikin ruwa! Wani ɗan ajinmu, ɗan masunta, ya ja da baya yana salati, ya ce shi kakansa ya sha gaya masa akwai masu wurin. Malam ya ce iskar sunanta mitan, ciyawa da ganye ne ke ruɓewa a ƙarƙashin taɓo inda oksijin ba ya kaiwa, kuma wani Ba'italiye mai suna Volta ya tara ta kamar haka a bakin wani tafki a 1776. Ita ce mafi yawan abin da ke cikin gas ɗin da ake haƙowa a kudancin ƙasar nan.

Na daɗe ina tuna wannan rana, domin kogin da muka sani ba shi ne na yau ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa ta tafi a kan lokacinta ta canza hali, wasu magudanu suka koma ba sa bushewa duk shekara, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa daga nan har Nguru. Duk wannan ciyawa in ta mutu a ruwa take ruɓewa, ruɓewar kuma oksijin take ci, wanda shi ne numfashin kifi. Idan masunci ya ce maka ruwan wuri kaza ya mutu, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kifi ya gudu, to bayanin Malam yake yi maka da harshensa.

Kada in wuce ban tona wa kaina asiri ba, tun da na ga wasu suna ta murmushi suna jira. Gaskiya ne, ni ne na sha alkali. A zamaninmu da baki ake zuƙo ruwa a fifet, mililita 25 daidai, a zuba a tulun gilashi, a ɗiga metil oranj, sa'an nan a riƙa sakin asid daga biret ɗigo-ɗigo har ruwan ɗorawa ya juye. Ni kuma garin sauri, don in riga abokin zamana, na zuƙa da ƙarfi bakin fifet ya fito daga ruwa, sai ji na yi bakina ya cika da wani abu mai santsi kamar sabulu. Na tofar, na fasa ihu ina cewa na mutu. Baba ya ja ni famfo na yi ta kurkure baki, Malam kuwa da ya tabbata ruwan mai rauni ne, sai ya aika kicin aka kawo tsamiya ya ce in tsotsa, ya juya ga aji ya ce wa zai rubuta mana abin da ke faruwa a bakin wannan yaro. Kwana uku ban ji ɗanɗanon gabza ba, wanda wasu suka ce riba ce na ci. Laifina ne ni kaɗai, an gargaɗe mu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na yarda na tsaya a nan. Na fara aiki ba da daɗewa ba gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, fadamun nan suka cika da injinan ban-ruwa, kowa ya koma noman rani. A shekarar ce kuma kamfanin NAFCON da ke Onne, kusa da Fatakwal, ya fara fitar da takin yuriya. To shi wannan farin taki, in kun tuna darasin aji biyar, daga iska ake yin sa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cin sa a haka, sai irin su wake da gyaɗa da gawo da ke da ƙananan halittu a saiwarsu masu kama musu shi. Shi ya sa kakanninmu ke haɗa gero da wake a kunya ɗaya, kuma ba sa sare gawo a gona. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a tilasta wa naitirojin ya haɗu da haidirojin a sami amoniya, da zafi mai tsanani da matsi mai tsanani, da garin ƙarfe a tsakani. Carl Bosch ya mayar da abin masana'anta a 1913. Shi garin ƙarfen nan, Malam ya ce mana, dillali ne da ba ya karɓar la'ada: yana haɗa ciniki ya fita yadda ya shiga. Daga amoniya ake yin yuriya, kuma kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne, wato a buhu mai kilo 50 akwai kilo 23.

Abin da aka kamo daga iska kuwa, kullum hanyar komawa yake nema. Da zarar yuriya ta taɓa ƙasa mai laima sai ta fara rikiɗa, in kuma a sarari aka watsa ta, rana na dukanta, musamman a ƙasa mai kanwa-kanwa irin ta wasu fadamunmu, sai amoniya ta tashi ta bi iska. Asarar takan kai sulusi, wani lokaci ta wuce. Na sha tsayawa a gonar mutum da hantsi, kwana biyu bayan ya watsa taki, in ce masa ya sunkuya ya shinshina. Ya ce yana jin wari mai hawa kai. In ce masa to kuɗinka ne ke tashi. Wannan wari shi ne wanda Malam ya sa muka shaƙa a lab, ranar da ya ɗumama gishirin amoniyam da alkali jar litmas ta koma shuɗiya. Akwai wani dattijo a wani ƙauye da na tarar yana cuɗa takin zamani da tokar murhu, wai don ya ƙara masa auki da ƙarfi. Niyyarsa kyakkyawa ce, toka ma taki ce in an zuba ta ita kaɗai, amma da ya haɗa su sai ya zama ya kira alkali ya kore masa naitirojin tun kafin ya bar gida. Maganin abin ba ya cin ko sisi: a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindin shuka, a zuba, a rufe, a shinkafa a rage ruwa kafin a zuba, a mayar daga baya, a kuma raba takin kashi biyu ko uku maimakon a juye shi rana ɗaya. Da ina faɗin haka a matsayin umarnin ofis, ba mai saurarona. Da na koma yin irin na Baba, ina zuwa da toka da taki da ɗan ruwa a gwangwani ina miƙa wa mutum ya shinshina da kansa, sai magana ta fara shiga. Gani ya kori ji.

Asarar taki dai ta kuɗi ce, ana mayarwa. Akwai wadda ba a mayarwa. Kun san ƙwayar nan da ake jefawa a buhun wake ko a rumbu don kashe ƙwari, wadda aka fi sani da Phostoxin. Ita a bushe ba ta aiki. Sai ta shaƙi laimar da ke cikin iska take sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin, ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana ba da kimanin giram 1, kuma gubar ba ta da makari. An yi ta ne don sito mai rufuwa wanda ba kowa a ciki. Mu kuwa sai a sa ta a buhu, a jingine buhun a ɗakin da yara ke kwana, a ja ƙofa saboda sanyi. Haka masu zuba fiya-fiya a wake da bandar kifi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu ƙasashenta saboda yawan wannan magani da aka samu a cikinsa, mu kuma muka ci gaba da cin abinmu. Alhali ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi da kyau ƙwarin da kansu ke shanye oksijin ɗin da ya rage su mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba.

Sa'an nan ga Majiya. Ba na son in daɗe a kanta, domin na san a zauren nan akwai waɗanda suka yi rashi. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar fetur ta faɗi a garin, a Ƙaramar Hukumar Taura, kan hanyar da dukanmu muke bi zuwa Kano. Jama'a suka taru kwasar man da ke malala, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya, yawancinsu matasa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ba na cikin masu zaginsu. Wanda ya san abin da litar fetur ta koma bayan cire tallafi a 2023 ya san abin da ya kai su. Amma tun daga ranar nake tuna yadda Malam ya koya mana wuta. Ya ce wuta murhu ce mai duwatsu uku, abin ƙonawa da iska da zafi, ka cire ɗaya tukunya ta kife. Ya ce kuma ba ruwan fetur ne ke kamawa ba, tururinsa ne, wanda ba a gani, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwarara cikin kwata kamar ruwa, kuma kashi 2 cikin 100 na shi a iska ya isa. Ma'ana, wanda ke tsaye nesa da tanka yana ganin ya tsira, a tsakiyar abin yake, tartsatsi ɗaya ake jira, ko na bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta. Ya nuna mana wannan da cokali ɗaya na fetur a faranti a tsakar fili, ya kuma watsa masa ruwa muka ga wutar ta hau kan ruwan ta bazu, sa'an nan ya kashe ta da yashi. Minti biyar abin ya ɗauka. Ina tambayar kaina, cikin samarin da suka tafi da bokiti a daren nan, nawa ne suka yi sakandare, kuma nawa ne aka taɓa nuna musu wannan faranti?

Wannan tambaya ce ta sa a watan jiya na roƙi Shugaban makaranta ya buɗe mini lab. Ya buɗe, kuma ina gode masa da bai ɓoye mini kome ba. Teburan suna nan, har na gane inda wani ya sassaƙa sunansa, ba zan faɗi ko wane ne ba tun da yanzu Alhaji ne mai jikoki. Amma famfo ba ruwa, bututun gas ya toshe, biret ɗin da ba su fashe ba ba su kai a raba wa layi ɗaya ba, ɗalibai kuma sun ninka na zamaninmu. Tun da Baba ya bar aiki ba a sami wanda ya zauna a gurbinsa ba. Na zauna da 'yan aji shida na tambaye su abin da ke faruwa in asid ya haɗu da kabonet. Wallahi suka ba ni amsa tiryan-tiryan, yadda take a littafin Ababio, sun fi mu haddacewa nesa ba kusa ba. Na ce wa ya taɓa gani? Ba hannu ko ɗaya. Na fito da ƙullin kanwa da lemo daga aljihu na matsa, suka taso suka kewaye ni suna leƙe, kamar yadda muka kewaye Malam fiye da shekara arba'in da suka wuce. Malamarsu, yarinya ce mai ƙoƙari ƙwarai, ta ce mini yawancinsu ba sa taɓa fifet sai ana saura 'yan makonni jarrabawar WAEC ko NECO, in an samo kayan aro. Ban ɗora wa kowa laifi ba, kuma ba a makarantarmu kaɗai abin yake ba.

Ranka ya daɗe Shugaba, na ga a ajandar yau akwai shawarar sake gina ƙofar shiga makaranta da sa mata tayil da sunan ƙungiya. Ba na ƙin ƙofa, ni ma ina son in wuce in ga sunanmu. Amma ina roƙon a jinkirta ta shekara ɗaya, kuɗin bana a sa su a lab. Ni da malamar mun zauna mun rubuta abin da ake bukata, ba kuma abin tsoro ba ne: tankin ruwa da gyaran famfo, tukunyar gas da murhun Bunsen, biret da fifet da za su ishi ɗalibai biyu-biyu, da robar zuƙo ruwa don kada a sake samun mai shan alkali, da tabarau na kare ido, da bokitin yashi a kowane lungu. Abin da ya fi waɗannan duka shi ne mutum, wato a samo mai kula da lab, ƙungiya ta ɗauki nauyin alawus ɗinsa har gwamnati ta tura nata. Sauran kayan aikin, kanwa da zoɓo da lemo da toka da tsatsa, kasuwar Haɗeja ta ishe mu, fadama kuma tana nan inda muka bar ta. Ina kuma roƙon likitocinmu da masu haɗa magunguna da injiniyoyi, kowa ya ba da yammaci ɗaya a zango, ya zo ya nuna wa yaran nan abu ɗaya da hannunsa. Ni na ɗauki na taki da na ƙwayar rumbu, in Allah ya kai mu zango mai zuwa.

Takardar kayan tana hannun Ma'aji, da farashin kowanne kamar yadda muka tambayo a Kano. Na rubuta sunana a layin farko da kuɗin biret goma daga fanshona, kuma na ga abokin zamana na lab, wanda garin tsere da shi na sha alkali, yana zaune a layi na uku, don haka shi nake so a fara miƙa wa takardar.

 Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu, ya mai da kowa gidansa lafiya.